Wasannin Tseren Motar 'Yan Sanda: Daga Injin Sulalla zuwa Gidajen Gem na Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa lungunan Nima ko Maamobi ko Alajo a birnin Akra na ƙasar Gana da yamma, bayan an tashi daga makaranta, zai iya cin karo da wani ɗan ɗaki ko shagon katako wanda yara suka cika maƙil. A ciki akwai akwatin talabijin biyu ko uku, da benci, da fanka, da na'urorin wasa. Masu kuɗi suna zaune suna bugawa, marasa kuɗi suna tsaye a bayansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Irin wannan wuri shi ake kira gidan gem. Wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi kasuwa a cikinsa, amma akwai wani wasan da ake ganewa tun daga bakin ƙofa saboda ƙarar jiniya, wato wasan tseren mota tsakanin 'yan sanda da masu laifi.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wannan nau'i na wasa. Za a duba asalinsa, da yadda aka tsara shi, da hanyar da ya biyo ya iso unguwannin zango, da kuma irin Hausar da ake yi a kansa. Babban abin da za a nuna shi ne cewa yadda ake biyan kuɗin wasan shi ne ya ba shi siffarsa. An yi shi gajere, mai zafi, mai saurin ƙarewa, domin tun farko da kuɗin ƙarfe ake sayen kowane zagaye. Wannan siffa ce ta sa ya dace da aljihun yaron zango, ita ce kuma ta sa ya dawo a wayoyin hannu bayan an ɗauka zamaninsa ya wuce.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar "gem" aro ce daga Ingilishi, kuma ta zama gama-gari a bakin matasa daga Kano har Akra. A rubuce an fi cewa wasan bidiyo ko wasan kwamfuta. Ma'anar duka ɗaya ce: wasa ne da ake gani a allo, mai wasa yana sarrafa abin da ke cikinsa da maɓallai ko sitiyari.

Injin sulalla kuwa wani akwati ne mai tsayin mutum, da allo a gabansa da wata 'yar kafa da ake jefa kuɗin ƙarfe. Idan kuɗin ya faɗa ciki sai wasa ya fara. A Japan sulen yen 100 ake jefawa, a Amurka kuma kwatar dala, wato santi 25. Zauren da ake jera irin waɗannan injuna shi ne Turawa suke kira "arcade". Daga nan ne aka sami abin da ake kira salon injin sulalla, wato wasa mai sauƙin koyo, mai wuyar ƙwarewa, wanda ba ya damuwa da bin ƙa'idojin tuƙi na gaskiya. Mota tana iya dukan bishiya ta wuntsila, bayan daƙiƙa biyu ta koma kan titi sumul kamar ba abin da ya same ta.

Kalma ta uku ita ce "retro", wadda za a iya fassarawa da salon da, ko salon waiwaye. Ana amfani da ita ga tsofaffin wasannin shekarun 1970 zuwa 1990 da ake sake bugawa a yau, da kuma sababbin wasannin da aka yi da gangan don su yi kama da su a zane da sauti.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1974 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10, injin sulalla mai sitiyari da giya da totur da birki. A shekarar ne kuma kamfanin Taito na Japan ya fitar da Speed Race, wanda Tomohiro Nishikado ya tsara. A waɗannan wasanni ana hango motar ne daga sama, kamar yadda shaho yake hango kaza. A 1982 kamfanin Namco ya kawo Pole Position, inda mai wasa yake ganin motarsa daga baya, titi kuma yana miƙe a gabansa har ƙarshen gani. A 1986 Yu Suzuki na kamfanin Sega ya tsara Out Run, mai jar mota ƙirar Ferrari, wanda ya zama abin koyi ga wasannin mota da yawa da suka biyo baya.

Har zuwa wannan lokaci yawancin wasannin tsere ne kawai, babu laifi babu kamu. Tunanin shigo da 'yan sanda daga finafinai ya samo tushe. Fim ɗin Bullitt na 1968 da The French Connection na 1971 sun yi suna saboda doguwar korar mota a tsakiyar gari, sannan shirin talabijin na Miami Vice, wanda aka fara a 1984, ya nuna 'yan sandan farin kaya a cikin motoci masu tsada.

A 1987 kamfanin Atari Games ya fitar da APB. Mai wasa ɗan sanda ne mai suna Bob, kuma kowace rana ana yanka masa adadin masu ƙananan laifuffuka da zai tsayar, kamar masu zubar da shara a titi. Idan ya yi kuskure sai a rubuta masa laifi, idan laifuffukan suka taru a kore shi daga aiki.

Wasan da ya kafa nau'in sosai shi ne Chase H.Q., wanda Taito ya fitar a 1988. Mai wasa yana tuƙa baƙar mota ƙirar Porsche 928 a matsayin ɗan sanda Tony Gibson, tare da abokin aikinsa Raymond Broady. A farkon kowane mataki wata jami'a mai suna Nancy takan kira ta rediyo daga hedikwata, ta faɗi laifin wanda ake nema da irin motarsa. Matakan guda 5 ne. A 1989 aka yi masa ci gaba mai suna Special Criminal Investigation, inda aka ƙara harbi da bindiga. A 1990 kuma kamfanin Jaleco ya fitar da Cisco Heat, wanda shi tsere ne tsakanin motocin 'yan sanda su-ya-su a kan tuddan birnin San Faransisko.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan wasanni a Japan aka ƙera su, amma titunan Amurka suke nunawa. Wato tun daga farko hoto ne da wata ƙasa ta zana na wata ƙasa, kafin ma ya iso Afirka.

4.0 Yadda aka Tsara Wasan

4.1 Agogo da sule

Mai injin sulalla ɗan kasuwa ne. Ya sayi injin da tsada, yana biyan haya da kuɗin wuta, kuma injin ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Idan mai wasa ya shafe rabin awa a kan sule ɗaya, mai injin ya faɗi. Idan kuwa wasan ya ƙare cikin daƙiƙa goma, mai wasa zai ji an cuce shi, ba zai dawo ba. Saboda haka masu tsara wasa suka nemi tsaka-tsaki: 'yan mintoci kaɗan masu daɗi, waɗanda za su ƙare daidai lokacin da mutum yake ganin saura ƙiris ya yi nasara.

Chase H.Q. misali ne mai kyau. Ana ba mai wasa daƙiƙa 60 ya cim ma motar mai laifi. Idan ya hango ta, sai a ɗora jar fitila a kan rufin mota, jiniya ta fara kuka, a sake ba shi wasu daƙiƙa 60 ya yi ta dukan motar da tasa har ta yi hayaƙi, ta kama da wuta, ta tsaya. Yana da damar ƙara gudu na musamman sau 3 kacal a kowane mataki. A wani wurin titin yakan rabu biyu, wanda ya bi hanyar da ba ita ba ya yi asarar lokaci. Idan agogo ya cika, sai allo ya fara ƙirga daga sama zuwa ƙasa, yana jiran a jefa wani sulen a ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ya riga ya ga motar ɓarawo tana hayaƙi da wuya ya iya juya baya.

Akwai wasu dabarun kasuwanci ban da agogo. Idan babu mai wasa, injin yakan buga kansa da kansa da ƙara don ya jawo masu wucewa. Wanda ya ci maki mai yawa yakan rubuta haruffan sunansa a jerin zakaru, su zauna a allo kowa yana gani har sai wani ya ture shi. A cikin akwatin kuma akwai wasu ƙananan maɓallai da mai injin kaɗai yake taɓawa, waɗanda da su yake iya ƙara wa wasan wuya ko ya sassauta shi. A taƙaice, ainihin abokin hamayyar mai wasa shi ne agogo, ɓarawon kuwa dalili ne kawai da aka ba shi na yin gudu.

4.2 Yadda ake yaudarar ido

Na'urorin shekarun 1980 ba su da ƙarfin zana duniya mai zurfi da faɗi kamar na yau. Sai aka yi dabara. A haƙiƙa motar mai wasa ba ta matsawa gaba, tana nan a ƙasan allo tana karkata dama ko hagu. Duniya ce take tahowa gare ta. Ana zana bishiya ko allon talla ɗan ƙarami a can nesa, sai a yi ta ƙara masa girma yana gangarowa ƙasa har ya fita daga allo. Idon mutum ya saba cewa abin da yake ƙara girma matsowa yake yi, saboda haka sai ya yarda.

Shi kuwa titi layi-layi ake zana shi daga sama zuwa ƙasa. Idan ana son kwana, sai a ɗan gusar da kowane layi gefe fiye da wanda yake ƙasansa, titin ya lanƙwashe. Ana kuma shimfiɗa masa ratsi mai haske da mai duhu bi da bi. Yawan saurin da ratsin yake wucewa shi ne yawan gudun da mai kallo yake ji. Ana sabunta hoton sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa, shi ya sa ido ba ya ganin yankewa. Daga farkon shekarun 1990, da wasanni irin su Virtua Racing na 1992, aka koma gina motoci da tituna da siffofi masu kusurwa, wannan tsohuwar dabara ta fara ja da baya.

5.0 Isowar Wasan Zangunan Akra

Kalmar zango a Hausa tana nufin wurin da ayari yake yada kaya ya huta. A Gana, inda ake rubuta ta "Zongo", ta zama sunan unguwannin baƙi 'yan arewa da Musulmi, waɗanda kakannin wasunsu fataucin goro ne ya kawo su. Nima ta kafu ne a shekarun 1930, bayan da Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun 'yan ƙabilar Ga masu ƙasar. Maamobi tana maƙwabtaka da ita, Alajo kuma tana gefen kogin Odaw, ba nisa da shataletalen Kwame Nkrumah. Mazauna waɗannan unguwanni ƙabilu ne daban-daban, amma Hausa ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da masallaci da filin wasa.

Ba ta manyan injunan sulalla wasannin suka fi shiga zango ba. Injin yana da tsada da nauyi, kayan gyaransa sai an yi oda, sannan yana bukatar kuɗin ƙarfe mai tsayayyar daraja. Kuɗin Gana kuwa ya yi ta faɗuwa, har a watan Yulin 2007 aka canza shi, sidi 10,000 na da suka koma sidi 1. Hanyar da wasannin suka biyo ita ce ta ƙananan na'urorin gida da ake jonawa da talabijin. Da farko akwai masu cin kaset, irin su Famicom na Nintendo, wanda ya fito a 1983, da kwaikwayonsa masu araha, da kuma na kamfanin Sega. Daga baya aka sami masu cin faifai, musamman PlayStation 2 na Sony, wanda ya fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso Akra na hannu ne, sun shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema ko a jakar ɗan'uwa da ya dawo daga Turai ko Amurka. Ana samun su da masu gyaransu a kasuwar kayan lantarki ta kewayen shataletalen Nkrumah.

A nan ne wani abin sha'awa ya faru. Kamfanoni sun ƙera waɗannan na'urori ne don yaro ya zauna a falon gidansu ya yi wasa iya son ransa ba tare da jefa ko kwabo ba. A zango kuwa gidaje kaɗan ne suke iya saya wa yaro tasa. Sai mai ɗan jari ya sayi biyu ko uku, ya kama ɗaki, ya riƙa karɓar kuɗi a kan kowane zagaye ko a kan mintoci. Ta haka na'urar gida ta koma injin sulalla, sai dai hannun mai shago ne ya maye gurbin kafar jefa kuɗi, agogon wayarsa kuma ya maye gurbin na allo. Tsohon lissafin ya dawo: wasan da yake ƙarewa da wuri, kuma yake da daɗin kallo ga masu jiran layi, shi ne mai riba.

Matsalar wuta ta ƙara ƙarfafa wannan. Tsakanin 2012 da 2016 Gana ta yi fama da ɗaukewar lantarki da ake kira "dumso", daga kalmomin Tuwi biyu masu ma'anar kashe da kunna. A 2015 an kai ga tsarin awa 24 babu wuta, awa 12 akwai. Wasan da yake bukatar awa uku kafin a kai gaci ba shi da amfani a irin wannan hali. Kora ta minti biyar kuwa ana iya gama ta kafin a ɗauke.

Wani dalilin karɓuwar wasan shi ne ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Tun da daɗewa yara a Gana da Nijeriya suna wasan ɗan sanda da ɓarawo, inda ake rabuwa gida biyu, wasu su gudu wasu su bi. Suna kuma ƙera motoci da gwangwanin madara da waya. Abin da gem ya yi shi ne haɗa waɗannan biyu a allo ɗaya.

6.0 Mai Bi da Wanda ake Bi

A wasannin shekarun 1980 mai wasa shi ne ɗan sanda. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai al'amarin ya juya. Need for Speed III: Hot Pursuit na 1998 ya sa 'yan sanda suna bin masu tsere a titi. A Need for Speed: Most Wanted na 2005, wanda ya yi farin jini ƙwarai a gidajen gem na Afirka ta Yamma, mai wasa shi ne wanda ake nema ruwa a jallo a wani ƙagaggen birni mai suna Rockport. Yana hawa matsayi ne ta hanyar doke direbobi 15 ɗaya bayan ɗaya, 'yan sanda kuma suna tare hanya, suna shimfiɗa ƙusoshi, suna bin sa da jirgi mai saukar ungulu. A Grand Theft Auto: San Andreas na 2004 taurari ne a kusurwar allo suke nuna tsananin neman da ake yi masa, daga 1 zuwa 6.

Wannan sauyi ne ya fi damun iyaye da malamai. Damuwarsu kashi uku ce. Na farko kuɗi: abin da aka ba yaro na abincin rana ko na aike yana iya ƙarewa a gidan gem, domin an gina wasan ne a kan "bari in ƙara sau ɗaya". Na biyu lokaci: yaron zango yana zuwa boko da safe, ya je makarantar allo ko Islamiyya da yamma ko ƙarshen mako, gem kuma yana cin wannan lokacin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo a jerin cututtuka, amma ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa abin yake shafa. Na uku tarbiyya: wasu wasannin an rubuta a jikinsu cewa na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, San Andreas yana cikinsu, amma a ɗakin da babba da yaro suke kallon allo ɗaya wannan rubutu ba ya hana komai.

Akwai kuma wani darasi da ya wuce na iyaye. A cikin wasa ba a taɓa kuskuren mutum. Wanda Nancy ta ce mai laifi ne, to mai laifi ne, babu bincike babu kotu, hukuncinsa shi ne a ragargaza motarsa. A rayuwa ba haka abin yake ba, kuma mutanen zango sun san wannan. A watan Yulin 2018 'yan sanda sun harbe matasa 7 'yan zangon Asawase na Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar hakan ba, aka dakatar da 'yan sanda 21. Ga matashin da ya tashi a unguwar da ake yi wa kallon matattarar laifi tun kafin a san halinsa, zaɓen zama mai bi ko wanda ake bi a allo yana da nauyin da mai tsara wasan a Tokyo bai yi tunaninsa ba.

7.0 Dawowar Salon Da

Yaɗuwar wayoyin zamani ta rage wa gidajen gem wasu daga cikin masu zuwa, amma ta farfaɗo da tsohon salon. Mai waya yana wasa ne a cikin motar haya da ake kira tirotiro, ko a layin jiran wani abu, saboda haka gajeren wasa yake so. Tun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda take ba kwamfuta damar buga tsofaffin wasannin injin sulalla. A 2015 kamfanin Aquiris na Barazil ya fitar da Horizon Chase, wanda aka yi shi da salon Out Run. A 2020 aka fitar da Hotshot Racing, mai ɗauke da ɓangaren 'yan sanda da ɓarayi. A yawancin wasannin waya na kyauta, idan an kama mutum sai a ce ya kalli talla kafin ya ci gaba. Wato tallar ce ta zama sule, data da cajin batir kuma su ne kuɗin da yake fita daga aljihu.

Har yanzu titunan da aka fi gani a waɗannan wasanni na ƙasashen waje ne. Amma a Akra akwai masu ƙera gem, kamar kamfanin Leti Arts da Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa a 2009, wanda yake gina wasanninsa a kan labaran Afirka.

8.0 Hausar Gidan Gem

Ga ɗalibin harshe, gidan gem wuri ne mai kyau na sauraro. Da farko akwai kalmomin aro da suka daɗe da zama Hausa: mota, taya, birki, giya, sitiyari, totur, kwana. Sannan akwai siffofin Hausar Gana. Masu magana da yawa ba sa bambanta ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k, saboda haka za a ji "barawo" da "kudi" da "karfe". Haka nan bambancin jinsi ya raunana. Inda Bakano zai ce "motar ta tsaya", a Nima ana iya jin "motan ya tsaya".

Wasan kora yana kuma nuna azuzuwan aikatau, bisa rabon da Parsons ya yi a 1960. A dubi saiwar kam-. "Ya kama ɓarawo" aji na 1 ne. "Ya kame su duka" aji na 4 ne, mai nuna game aiki. "Ya kamo shi" aji na 6 ne, mai nuna tahowa wajen mai magana. "Ɓarawo ya kamu" aji na 7 ne, mai nuna aikin ya tabbata a kansa. Haka saiwar bug- take ba da buga, buge, bugo, bugu. Daga gudu kuma ana samun guje da gudo.

Amsa-kama ma tana da yawa a bakin 'yan kallo: ya wuce fuu, ya taka birki ƙii, ya tsaya cak, sun kama shi caraf, motar ta yi raga-raga. Idan kuma aka cafke gwanin da ya daɗe yana tserewa, ba a rasa wanda zai tuna masa cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

9.0 Kammalawa

An ga cewa wasan tseren motar 'yan sanda ya samo jigonsa daga finafinan Amurka, aka ƙera shi galibi a Japan, aka tsara tsawonsa da zafinsa bisa bukatar mai injin sulalla. Da ya iso zangunan Akra ta na'urorin gida na hannu, tsadar na'ura da rashin tabbas na wuta sun mayar da shi kan tsarinsa na asali, wato biya ka buga. A waya ma tsarin bai canza ba, abin biyan ne ya canza. Iyaye da malaman da suka fahimci cewa an gina wasan ne don a riƙa maimaitawa za su fi sanin inda za su sa iyaka, wato a kan kuɗi da lokaci da kuma irin wasan da ya dace da shekarun yaro.

Tambayoyi

1. Me ya sa masu tsara wasannin injin sulalla suke sanya agogo a cikinsu?
2. Bayyana da kalmominka yadda ake sa ido ya ga kamar mota tana gudu alhali ba ta matsa ba.
3. Kawo dalilai biyu da suka sa gajerun wasanni suka dace da gidajen gem na zango.
4. Gina jimloli huɗu da buga, buge, bugo da bugu.
5. Mayar da wannan jimla zuwa daidaitacciyar Hausa: "Barawon ya shiga motan, motan ya gudu."